Ɗan'uwa Loran, Kuku Mai Addu'a

Ya kai mai karatu, bari mu fara da tambaya. Ka taɓa tsayawa gaban Allah, bakinka yana addu'a, zuciyarka kuwa tana kasuwar Katako? Jiki yana nan, amma hankali ya tafi wajen kuɗin haya, ko bashin mai shago, ko yaron da ya kwana da zazzaɓi. Ke kuma ƴar'uwa, sau nawa kika rufe ido za ki roƙi Allah, sai tukunyar da kika bari bisa wuta ta faɗo miki a rai?

Wannan ciwo ba ya zaɓen addini. Musulmi ya san shi, har yakan manta raka'a nawa ya yi. Kirista ma ya san shi. Ana wa'azi a majami'a ranar Lahadi, shi yana lissafin cefane. Wani yakan ji kunya ya yi shiru. Wani kuwa yakan fid da rai, ya ɗauka Allah ba ya jin irin tasa addu'ar, daga nan sai ya bari gaba ɗaya. To, nan ne hasarar take.

Yau za ka karanta labarin wani Kirista na ƙasar Faransa wanda ya yi fama da wannan ciwo har shekara 10. Ba sarki ba ne, ba kuma babban malami ba. Kuku ne, mai dafa wa mutane abinci. Masu jin Faransanci suna ce masa Ɗan'uwa Loran. Masu jin Ingilishi, kamar maƙwabtanmu na Najeriya, suna cewa Lawrence. Ya rasu a 1691, wato shekara 63 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A lokacin Yamai ba ta zama birni ba. Amma har yanzu ana ba da labarinsa.

Itacen da ba ganye

Sunansa na yanka Nikola Harman. An haife shi a 1614, a wani ƙauye mai suna Hériménil, cikin yankin Lorraine. Yau yankin yana gabashin Faransa, amma a wancan zamani ƙasa ce mai sarkinta. Iyayensa masu tsoron Allah ne. Karatunsa bai yi zurfi ba, sai dai ya iya karatu da rubutu. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yana da shekara 18 wani abu ya same shi. Lokacin hunturu ne. A ƙasarsu in sanyi ya kama, itatuwa sukan zubar da ganye ƙaƙaf. Ka san yadda kuka take tsayawa da rani, rassa tsirara, sai ka ce ta mutu? To, irin haka. Nikola ya tsaya yana kallon wani itace. Sai ya tuna, ba da jimawa ba ganye zai tsiro, fure ya biyo, ƴaƴa su nuna. Wa ke yin wannan aiki kowace shekara ba fashi? Nan take girman Allah da kulawarsa suka shiga zuciyar yaron. Bayan shekara fiye da 30 yana ba da labarin wannan itace, yana cewa abin bai taɓa gogewa daga ransa ba.

Soja

Zamanin ba na lafiya ba ne. Ƙasashen Turai suna wani yaƙi wanda aka fara a 1618, bai ƙare ba sai 1648. Shi ya sa ake ce masa Yaƙin Shekara 30. Yankin su Nikola ya sha wuya ƙwarai. Rundunar wannan ta wuce, ta wancan ta biyo. Aka ƙone ƙauyuka, aka kwashe hatsi da dabbobi. Yunwa ta shigo, annoba ta biyo bayanta.

Nikola ya shiga soja. Wata rana sojojin Jamus suka kama shi, suka ce ɗan leƙen asiri ne, za su rataye shi. Bai yi kuka ba, bai yi magiya ba. Ya gaya musu shi ba abin da suke zato ba ne, kuma tun da bai san wani laifi da ya yi ba, mutuwa ba ta ba shi tsoro. Da manyansu suka ga haka, sai suka sake shi.

A 1635 sojojin ƙasar Suwidin suka faɗa wa wani gari mai suna Rambervillers. Nan aka ji wa Nikola rauni. Aka kai shi gidan iyayensa ya yi jinya. Ya tashi, amma aikin soja ya ƙare. Ciwon ƙafa kuwa ya bi shi har ƙarshen ransa.

Bara mai ɓarna

Abin da ya gani a yaƙi ya sa duniya ta fita ransa. Ya tafi wani keɓaɓɓen wuri don ya zauna nesa da mutane, ba abin da zai yi sai addu'a. Kana tsammani a can zuciyarsa ta natsu? Ina! Yau murna, gobe baƙin ciki. Yau ƙarfin hali, gobe tsoro. Ashe barin gari ba shi ne maganin yawon zuciya ba, domin duk inda mutum ya tafi, da zuciyarsa yake tafiya. Ya haƙura ya fito.

Daga nan ya nufi birnin Paris. Ya zama bara a gidan wani babban ma'ajin gwamnati mai suna Fieubet. Shi da bakinsa yakan ba da labarin kansa, wai shi wani ƙato ne maras dabara, duk abin da ya taɓa sai ya fashe. Ka ji fa. Mutumin da za a ba madafa nan gaba, ga yadda ya fara.

Gidan ƴan zuhudu

A cikin Kiristoci ƴan Katolika akwai waɗanda ake kira ƴan zuhudu. Ba sa aure, ba sa tara dukiya. Suna zama gida ɗaya, suna bin doka ɗaya, ransu duka addu'a da aiki. Wani kawun Nikola yana cikin wata ƙungiya tasu da ake kira Karmel. A watan Yuni na 1640, yana da shekara 26, Nikola ya buga ƙofar gidansu da ke titin Vaugirard a Paris. Suka karɓe shi. Ran 14 ga Agusta 1642 ya ɗauki alkawarin zama har mutuwa. Aka ba shi sabon suna, Loran.

Mutanen gidan kashi biyu ne. Akwai limamai masu zurfin karatu, su ke wa'azi, su ke jan sujada. Akwai kuma ƴan'uwa masu aikin hannu, su ke shara, su ke cefane, su ke girki. Loran yana cikin na biyu.

Dokar gidan da tsauri take. Ba a cin nama sai in mutum ba shi da lafiya. Ana azumi irin nasu tun daga 14 ga Satumba har Idin Ista, wato wata shida da ɗoriya. Ba a sa rufaffen takalmi, sai fade, ko da sanyi. Ban da karatun Zabura da sauran sujada, kowace rana akwai awa biyu na addu'a cikin shiru, ɗaya da safe, ɗaya da marece.

Loran ya shiga yana zaton zai sha horo saboda ɓarnarsa, kuma ya yarda ya sha. Daga baya yakan ce abin ya saɓa wa zatonsa, daɗi ya samu a gidan. Amma daɗin bai zo da wuri ba.

Shekara goma na fama

Awa biyun nan na shiru su suka fi ba shi wuya. Da ya durƙusa, sai tunani iri iri su taso. Ya kore su, su komo. Ya sāke kora, su sāke komowa. Sau da yawa lokacin addu'a yakan ƙare bai yi komai ba sai wannan kora. Kamar mai tsaron shanyar tsaki ne, kaji sun sa shi gaba.

An koya masa hanyoyin da ke cikin littattafai, mataki bayan mataki. Wasu suna amfana da su, shi kuwa sai suka ƙara ruɗa shi. Ya yi shekaru yana tunanin mutuwa da hisabi da wuta da aljanna da zunubansa. Tsoro ya kama shi. Har shekara 4 yana ganin shi ɗan wuta ne, ba wanda ya isa ya fid da wannan daga ransa.

Ka san abin da ya raba shi da wannan tsoro? Wata shawara ce da ya yanke shi kaɗai. Ya duba ya ga tun farko don ƙaunar Allah ya shigo gidan. To, ko zai tsira, ko ba zai tsira ba, shi dai zai ci gaba da yin kowane aiki don ƙaunar Allah har ya mutu. Sauran kuwa ya bar wa Mai shi. Ya daina auna addu'arsa kowace rana kamar mai auna gero da tiya. Ya yarda ko haka zai ƙare ransa cikin duhu, ya ɗauka. Bayan wajen shekara 10 da shigarsa, sai natsuwa ta sauko masa, ba ta kuma rabu da shi ba.

A madafa

Yanzu mu shiga madafa, inda ya yi shekara 15. Kada ka ɗauka son girki ya kai shi. Ko kusa! A halinsa ya ƙi jinin aikin. Manyansa suka sa shi, ya bi.

Aikin ba na wasa ba ne. Wani lokaci mutanen gidan sukan kai ɗari. Ke da kika taɓa girkin suna ko na biki, kin san abin da ake nufi. To, ki ɗauka kowace rana suna ake yi. Ga hura wuta, ga ɗiban ruwa, ga gyaran ganye da wake da kifi, ga wanke-wanke. Hayaƙi ya cika ido, tukwane suna ƙara, mutum uku suna kiransa lokaci ɗaya, kowa da abin da yake so. Shi kuma ga ciwon ƙafa.

Ga yadda yake yi. Da farko yakan tsaya ya duba aikin ranar: me da me ake bukata, wane za a fara, wane zai biyo. Ka ga bai mai da addu'a dalilin sakaci ba. Sa'an nan kafin ya taɓa tukunya, yakan yi gajeren roƙo. Yakan gaya wa Allah cewa ga shi dole hankalinsa ya koma ga aiki, don haka ya taimake shi, ya zauna tare da shi, ya karɓi aikin.

In aiki ya kankama, sai ya riƙa waiwayar Allah a zuciyarsa, kaɗan kaɗan. Kalma biyu, kalma uku, wani lokaci ba kalma ko ɗaya, tunawa kawai. Kamar yadda kike tuƙa tuwo, uwarki tana zaune a gefe. Ba kullum kuke magana ba, amma kin san tana nan, kina ɗaga ido jifa jifa. Ya ce ko wainar ƙwai yake juyawa a kasko, don ƙaunar Allah yake juya ta. Ko tsinke ya ɗauke daga ƙasa, haka. A ganinsa Allah ba girman aiki yake dubawa ba, zuciyar da aka yi shi da ita yake dubawa.

In an gama, sai ya yi wa kansa hisabi. In ya ga ya yi daidai, ya gode wa Allah. In ya ga ya manta, ko ya yi fushi, ya nemi gafara, ya faɗa wa Allah cewa shi dai haka yake in an bar shi da kansa. Shi ke nan. Ba ya kwana yana cizon yatsa. Gobe ya sāke ɗauka daga inda ya tsaya.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaida ba a ganinsa yana gaggawa, ba a kuma ganinsa yana nawa. Kowane abu a lokacinsa. A ƙarshe ya kai inda lokacin girki da lokacin durƙuso suka zama ɗaya a gare shi. Natsuwar da yake samu a majami'a, ita yake samu a gaban murhu.

Wannan tunani yana da tushe a wurin Kiristoci. A cikin Linjila ta hannun Luka, sura 10, akwai labarin mata biyu, ya da ƙanwa, Marta da Maryamu, waɗanda suka sauki Yesu Almasihu a gidansu. Marta ta duƙufa ga hidimar abinci har ranta ya ɓaci. Maryamu ta zauna tana sauraro. Loran ya nemi ya haɗa su biyun a jiki ɗaya: hannu na Marta, kunne na Maryamu. Tereza ta garin Abila a ƙasar Spain, wadda ta gyara ƙungiyar Karmel, ta rasu a 1582, ita ma ta koya wa matan da ke ƙarƙashinta cewa ana samun Allah ko a tsakanin tukwane.

Mu komo gida

Loran bai san dambu ba. Amma bari mu kawo maganarsa tsakar gidanmu a nan Yamai, don mu gane ta sosai. Ƴar'uwa, wannan wurin naki ne, maza su saurara.

Kowane gida da hannunsa a dambu. Naki kin koya wurin inna, ita ma ta koya wurin kaka. Ba a littafi aka rubuta ba. Kin wanke tsakin masara ko na shinkafa, kin tsane shi. Kin aza tukunya da ruwa, kin ɗora madambaci bisa. Kin naɗe mahaɗar da jiƙaƙƙen tsumma don kada tururi ya tsere. Tsaki ya turara, kin juye a kwano, kin marmasa, kin yayyafa ruwa. Kin zuba zogale da albasa da tattasai da gishiri, kin gauraya, kin mayar bisa wuta karo na biyu. In ya nuna, ga man gyaɗa, ga garin ƙuli-ƙuli, ga yaji. A wani gida zogale ya fi tsaki yawa. A wani gida sai an soya albasa cikin man. Ɗanki ko yana Kwatano ko Abijan, ya san ɗanɗanon na gidansu.

Yanzu ki tuna ranar da kika fara. Tururi ya tsere, tsaki ya yi gari-gari, ko ruwa ya ƙone ba ki sani ba. Kin bar dambu don haka? A'a. Kin sāke, kin sāke, har hannu ya saba. Yau kina yi kina hira, ba ki ma tunanin awo.

Ki kuma duba wutar. Itace yana ci, yana ja da baya, wuta tana barin gindin tukunya. Me kike yi? Sai ki iza. An jima ya sāke ja da baya, ki sāke izawa. Kafin dambu ya nuna kin iza sau goma ko fi. Ba ki taɓa zagin itacen ba, ba ki kuma ce tun da wuta ta ja baya an fasa girki ba. Kin san halin wuta ke nan.

To, abin da Loran ya gane ke nan game da zuciya. Yawo halinta ne. Aikin mai addu'a shi ne ya riƙa iza ta a hankali, ba faɗa, ba fid da rai. Wanda ya iza sau ɗari bai fāɗi ba. Wanda ya tashi ya bar murhu, shi ne zai kwana da yunwa.

Shawararsa ga mai yawon zuciya

Wata mace ƴar zuhudu ta kai masa kukan cewa tunani yana hana ta addu'a. Ya rubuta mata amsa. Ga abin da ke ciki a taƙaice.

Na ɗaya, ta sani ba ita kaɗai ba ce. Zuciyar ɗan Adam mai yawo ce.

Na biyu, ta faɗa wa Allah gaskiyar halinta, ta ƙasƙantar da kai.

Na uku, kada ta yawaita kalmomi. Doguwar magana ita ke buɗe wa tunani ƙofa. Ta zauna gaban Allah kamar miskinin da ba ya iya magana, yana zaune ƙofar gidan mai arziki yana jira.

Na huɗu, in hankali ya tafi, kada ta ta da hankalinta. Damuwa ƙara watsa tunani take yi. Ta komo da shi cikin natsuwa.

Na biyar, kuma shi ne babba. In tana son zuciya ta tsaya lokacin addu'a, kada ta sake ta ta yi nisa sauran lokaci. Ka san akuyar da ta wuni tana yawon gari, da wuya a kamo ta da magariba. Wadda aka riƙa leƙawa tun safe kuwa, kira ɗaya take amsawa. Shi ya sa madafa ta zama makarantar Loran. Abin da ya koya a gaban tukunya, shi ya tsayar masa da zuciya a majami'a.

Ganguna da takalma

Ba girki kaɗai aka sa shi ba. A 1665 an aike shi yankin Auvergne, a 1666 kuma yankin Bourgogne, ya sayo wa gidan ruwan inabi. Shi bai iya ciniki ba, ga ƙafa ba lafiya. A cikin jirgin ruwan da ya ɗauko kayan, ba ya iya takawa, sai dai ya mirgina bisa gangunan. Bai damu ba. Ya gaya wa Allah cewa saƙonsa ne ya fito yi. Ya komo, aka ga komai ya tafi daidai.

Da ciwon ƙafar ya tsananta, tsayuwar madafa ta gagare shi. Aka mai da shi ɗakin gyaran takalma, inda zai yi aiki a zaune. Ka tuna mutanen gidan fade suke sawa. Shi ke ɗinke wanda ya tsinke. Wannan aiki ya yi masa daɗi, amma ya ce a shirye yake ya bar shi in an sa shi wani. Wani lokaci ma yakan koma madafa ya taimaka.

Baƙi a ƙofar kuku

Sannu sannu labarinsa ya fita. Talakawa suna zuwa wurinsa, manya ma suna zuwa. Ran 3 ga Agusta 1666 wani limamin Katolika mai suna Joseph de Beaufort ya zo ya zauna da shi. Ya sāke zuwa a watan Satumba da na Nuwamba, ya kuma komo a Nuwamba ta 1667. Duk ran da suka yi hira, in ya koma gida sai ya rubuta abin da ya ji. Tun ranar farko Loran ya gargaɗe shi: in da gaske yake son bauta wa Allah, ya riƙa zuwa duk ran da ya so, in kuwa ba haka ba, kada ya wahal da kansa.

Wani mashahurin malami mai suna Fénelon, wanda ya koyar da jikan Sarki Luwi na 14, shi ma ya ziyarce shi. Ya shaida cewa Loran mutum ne mai kaushin halitta, amma alherin Allah ya tausasa shi. Ka duba ikon Allah. Malamin fada ya zo ɗaukar darasi wurin mai gyaran takalma.

Ƙarshensa

Da tsufa ya zo, ciwon ƙafar ya zama gyambo. Ya yi manyan jinya har uku. Ran 6 ga Fabrairu 1691 ya rubuta wasiƙa, ya ce yana sa rai zai ga Ubangijinsa cikin ƴan kwanaki. Bayan kwana biyu ya kwanta. Yana kan gado wani ɗan'uwa ya tambaye shi abin da yake yi. Ya amsa cewa abin da zai yi har abada shi yake yi, wato yabon Allah da ƙaunarsa. Ran Litinin 12 ga Fabrairu 1691, da ƙarfe 9 na safe, ya cika. Shekararsa 77. Ya yi fiye da shekara 50 a gida ɗaya.

Bai bar dukiya ba, bai bar ƴaƴa ba. Da yawa cikin abin da ya rubuta ma shi da kansa ya yayyage, don bai ga darajarsu ba. Abin da ya rage shi ne wasiƙu 16 da ƴan shawarwari. Beaufort ya tattara su, ya haɗa da hirarsu da tarihinsa, ya buga a 1692 da 1694. Ƙaramin littafi ne, ma'anar sunan da aka san shi da shi ita ce sabawa da zama a gaban Allah. An juya shi cikin harsuna da yawa. Ko da yake Loran ɗan Katolika ne, Furotesta ma sun rungume shi. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis a Ingila, ya sa mabiyansa su karanta shi. Majami'ar gidan da ya zauna tana nan tsaye a Paris, wurin ya zama babbar makarantar Katolika.

A nan Nijar Kiristoci kaɗan ne. Mishan na Furotesta ya sauka Damagaram a 1924, na Katolika ya kafu a Yamai a 1931. In kana cikinsu, ga wani na gaba da kai a hanya wanda ya san ciwonka. In kai Musulmi ne, ka san yanzu maƙwabcinka ma yana kokawa da zuciyarsa in ya tsaya gaban Allah, kamar yadda kake yi.

Saura abu ɗaya. Mun ce ka riƙe cewa Loran ya iya karatu da rubutu. Da bai iya ba, da wasiƙun nan 16 babu su, da matar nan mai kuka ba ta sami amsa ba. Kai ma da kake zaune a ajin yaƙi da jahilci bayan ka wuni kana aiki, ka san yadda ido yake kan baƙi, hankali yana wani wuri. In haka ta faru, kada ka rufe littafi. Ka sa yatsa inda ka tsaya, ka sāke ɗauka daga nan.

Tambayoyi

1. Me Nikola ya gani yana da shekara 18, me kuma ya tuna?
2. Don me zaman kaɗaici bai natsar da zuciyarsa ba?
3. Faɗi abin da Loran yake yi kafin girki, da cikin girki, da bayan girki.
4. Ina kamar iza wuta da komo da zuciya?
5. Rubuta sunan abinci ɗaya da aka gada a gidanku, da kayan da ake haɗa shi da su, da sunan wanda ya koya maka.